Dalmar Kaka

Ko yau aka ƙyasta ashana kusa da ni, in warin nan ya daki hancina, sai in ga zauren Kaka. Na yi yawo, ba yabon kai ba. Na ci kifi a bakin teku, na sha shayi a Agadas, na kwana a tashoshin da ko sunansu ban riƙe ba. Amma duk inda na ji warin ashana, mai kama da na albarushi, sai wani tsohon haushi ya motsa mini a ƙirji. Ka yi haƙuri da ni, haushin bindiga ne.

Kakanmu maharbi ne, a wani ƙauye tsakanin Kafur da Malumfashi. Bindigarsa ta toka ce, irin wadda ake ɗurawa ta baki. A zuba albarushi, a cusa auduga, a jefa harsashi, a ƙara auduga, a danna da sandar ƙarfe. Auduga kuwa ba ma nema, gonarta na bayan gida. Sauran maharba tarkace suke ɗurawa, guntun ƙusa da boris ɗin keke, abin da ya samu ya samu. Shi Kaka dalma guda yake sakawa. Ya samo ta ne daga wani tsohon batirin mota a Funtua tun yana saurayi, ya narka ta a gwangwani, ya zuba a 'yan ramukan yumɓu, ta fito dunƙule-dunƙule kamar 'ya'yan kurna.

Dokarsa ɗaya ce: dalma ta dawo gida. In ka sami dabba a bayan kafaɗa, inda zuciya da huhu suke, kuma ba ka cika albarushi ba, dalmar za ta baje a ciki ta tsaya ƙarƙashin fatar ɗaya gefen. Wajen fiɗa sai a ciro ta, ta yi faɗi kamar kwabo, a sake narkawa. In ka harbi tumbi, dabba ta gudu da dalmarka, ta je ta mutu mushe a kurmi, ka yi hasara biyu ga alhaki. Mun sha jin wannan har muna iya faɗa a barci.

Mu biyu ne jikokin da suka tasa a lokacin, ni da taubashina, ɗan gwaggona. Ni ɗan namiji ne, saboda haka a wasanmu shi bawana ne, kuma ban taɓa bari ya manta ba. Mutum ne mai sanyin jiki, in yana auna albarushi sai ka ce marowaciyar tsohuwa na auna gishiri. Ni kuwa idona kamar na shaho. Kowa a gidan ya san ƙafar Kaka ta fara gajiya, kuma bindigar nan hannun ɗayanmu za ta faɗa. Ni ban ma ɗauki abin gasa ba. Har na zaɓi ƙusar da zan riƙa rataye ta.

A ƙarshen wata damina, wake ya fara ƙosawa, sai mazo suka addabi gonar fadama. Ka san mazo, ya fi gada girma, ja mai ɗigon fari, namijin da ƙaho a murɗe. Kaka ya kira mu zaure, ya ba kowa dalma guda a tafin hannu. Ya ce mu riƙa karɓa-karɓa da bindigar, kowa ya je ya gwada.

Taubashina ya fara. Ya yi ta zuwa yana dawowa da bindiga a ɗure. In na tambaye shi sai ya ce dabbar ba ta juyo masa gefe ba. Na ce, "Bawana, ko so kake ta zo ta yi maka sallama?" Ya yi dariya kawai. Can wata safiya muka ji ƙara, ya dawo da mace, 'yar madaidaiciya, ko ƙaho babu. Aka feɗe, Kaka ya laluba da yatsa a bayan kafaɗa, ya ciro dalmarsa a baje, ya goge a riga ya jefa aljihu.

Ranata ta zo da la'asar sakaliya. Na ƙara albarushi kaɗan, don ni ba na son abin da za a ce da ƙyar. Ina laɓe a bayan suri, danshin ciyawa ya jiƙa mini gwiwa, sai ga namijin ya fito daga kurmi. Ya ɗaga kai yana shaƙar iska, wuyan nan a miƙe. Na yi bisimilla na saki. Ko taku ɗaya bai yi ba. Na ruga na yanka tun yana shure-shure. Sai da aka kawo jaki aka ɗauko shi. Mata suka yi guɗa, yara suka bi ni har ƙofar gida, gwaggo da kanta ta ce ba ta taɓa ganin irinsa ba.

Kaka ya tsuguna, ya duba wuyan. Rami ta nan, rami ta can. Ya miƙo mini tafin hannu.

Na ce, "Kaka, ai ta wuce."

Ya ce, "Ta wuce ina?"

Na ce, "Dawa."

Ya ce, "To. Naman dai yau za mu cinye shi."

Bayan an gama girbi ya sauko da bindigar ya ɗora a cinyar taubashina. A gabana. Na ce, "Nawa fa ya fi girma." Ya ce ai ya gani. Na ce, "Ni ne ɗan namiji." Ya ce wannan ma ya sani, shi ya haifi uban nawa. Sannan ya dafa kaina ya ce, "Angon kakarka, ranar da ka kawo mini dalmata, sai mu sake zama."

Ka san na neme ta? Na rarrafe fadamar nan kamar kaza. Na tone suri, na ɓare jikin itatuwa da wuƙa. Shi kuwa bawan nawa ya riƙa wucewa da bindiga a kafaɗa, yana ce mini, "Ranka ya daɗe, a taya ka?" Na fi son ya zage ni. Damina ba ta zagayo ba na bi wata motar auduga, kuma tun daga nan ƙafata ba ta zauna ba.

Har gobe ina cewa harbina ya fi nasa kyau. Na faɗa wa maharba a garuruwa da yawa, kuma akasarinsu sun ba ni gaskiya, musamman in ni na sayi shayin.

Yanzu babu kurmin. Masara da waken suya sun cinye shi har bakin rafi, yaran gidan ba su san mazo ba sai a waya. Kaka ya daɗe da rasuwa, Allah ya jiƙansa. Bindigar tana rataye a ɗakin taubashina, yana shafa mata man gyaɗa, gemunsa fari fat kamar nawa. Da na je bara, na ce ya ba ni ita ko na mako guda, tunda ba abin da yake harbi. Ya ce maganar Kaka tana nan, in kawo dalmar. Na ce zan iya sayen dalma buhu guda a Funtua. Ya ce, "Saya mana, ranka ya daɗe. Ni na san tamu."

Da zan tafi na biya ta fadamar, na sami mai tarakta yana huɗa. Na ce masa in garmarsa ta tono wani ɗan dunƙule mai nauyi, toka-toka, kada ya kai wa kowa sai ni. Ya ce ai Baba na gidan can, wato taubashina, ya riga ni faɗa masa, shi ma haka ya ce.