Gaiya da Motar Legas ta Biyu

Duk wanda ya taɓa shiga motar Legas daga Minna cikin shekaru talatin ɗin nan, ko bai san fuskar Gaiya ba, ya san muryarsa. In ya buɗe baki a tasha ya ce "Legas! Ibadan! Ilori!" har awakin ƙauyen Garatu sai sun ɗaga kai. Gajeren mutum ne ɗan kudancin Kaduna, ya zo Minna yana saurayi da jaka ɗaya da biro a bayan kunne. Har yau biron bai sauka ba. A dangi cewa ake da shi aka haife shi, ungozoma ta fara karɓar biro kafin jariri.

Aikinsa biyu ne. Ya kira fasinja har mota ta cika, sannan ya rubuta su a manifes, wato takardar da ake sa sunan kowa, da inda za shi, da lambar wanda za a kira in wani abu ya faru. Hanya kuwa ya haddace ta kamar Addu'ar Ubangiji: Bida, Mokwa, Jeba, Ilori, Ogbomosho, Oyo, Ibadan. Zai gaya maka inda ake tsayawa cin abinci, da ramin da ya haɗiye ƙaramar mota har da direbanta. In kana jin sa sai ka rantse shi ya zuba kwaltar. Alhali mutumin nan bai taɓa wuce Bida ba. Bidan ma sau ɗaya ne, bikin wani direba, ya dawo ya yi wata guda yana ba da labari kamar ya je Urushalima.

Mutane na yi masa dariya a kan haka, shi ma yana taya su. Abin da ba su sani ba shi ne layin ƙarshe na takardar nan. In mota ta faɗi, Gaiya ake nema, shi ke buɗe manifes ya bi lambobi ɗaya bayan ɗaya. Akwai wani malamin makaranta da matarsa da ya zaunar gefe da gefe da hannunsa, shekara ashirin ke nan. Motar ba ta kai Jeba ba. Da ya kira lambar, 'yarsu ce ta ɗauka, ta ce, "Sun isa?" Tun ran nan ya kafa wa kansa doka: ba ya zuba miji da mata a mota ɗaya. An zage shi, an kai ƙararsa wurin shugaban tasha, bai fasa ba har ya yi ritaya.

'Ya ɗaya Allah ya ba su shi da matarsa Martha, sunanta Hadassah, ma'aikaciyar jinya. Ta auri wani ɗan Badagiri, can bakin teku gaba da Legas. Ran biki Gaiya ya buga ƙirji ya ce kafin Kirsimeti zai je ya ga tekun nan da ake wa baki, ya gani ko ya fi ruwan Zungeru. Kirsimeti huɗu suka wuce. A tsakani Hadassah ta haifi ɗanta na fari, ya kwana biyu ya koma. Martha ta tafi ita kaɗai. Gaiya ya ce an ce masa gada ta samu matsala, zai biyo baya. Bai biyo ba.

Bana Hadassah ta sake haihuwa, namiji, ya rayu. Aka sa ranar Lahadin da za a miƙa shi a coci. Ta kira uban, muryarta a kwance, ba faɗa.

"Baba, ranar da na binne na fari, ina ta duban ƙofa. Wannan karon ba zan roƙe ka ba. In ka zo, ka zo. In ba ka zo ba, ba zan ƙara kiran ka ba."

Daga nan shiri ya tashi, irin wanda ko gwamna bai taɓa yi ba. Ya juya bayan kalandar coci ya zana hanya da jan biro, ya ɗiga baƙi a duk inda ya taɓa jin mota ta faɗi. Kafin ya gama, takarda ta koma kamar an watsa mata ƙuli-ƙuli. Ya je Garatu ya zaɓo doya goma sha biyu. Ya bi Martha Kasuwar Kure sayen daddawa da kayan jariri, yana tambayar mai daddawa ko ta ji wani labari daga Mokwa. Kullum da safe sai ya kira direbobi bakwai. Wanda ya ce hanya lafiya, Gaiya ya ce ƙarya yake. Wanda ya ce tanka ta faɗi, ya ce, "Ka ji mai gaskiya."

"Baban Hadassah," in ji Martha, "doyar nan ta fara tsiro. In ka ƙara sati ɗaya sai dai mu kai musu gona."

"Ke ba ki san hanya ba."

"Sau uku na bi ta. Kai fa?"

Ya yi kamar biro ya faɗi, ya sunkuya nema.

Laraba aka sa, ya ce an yi ruwa a Mokwa. Alhamis ya ce tireloli sun toshe Bida. Juma'a ya ce jikinsa bai ba shi ba. Sai Martha ta ɗaure jakarta ta ajiye a bakin ƙofa inda sai ya tsallake ta kafin ya fita. Saura Asabar, bayanta babu wata rana.

Da gari ya waye suna tasha. Motar farko na gab da cika. Ndako, tsohon abokin aikinsa da ke riƙe da manifes yanzu, ya washe baki.

"A'a, yau Legas da kanta za ta je Legas! Shugaba, ga kujera biyu daidai ku."

"Rubuta ta ita kaɗai. Ni motar Tsado zan bi."

Martha ta shiga ta zauna, ta leƙo ta taga. "Baban Hadassah, don Allah shigo. 'Yarmu ta girma, ba marainiyar da za mu bari. Ga wuri kusa da ni."

"Doka doka ce."

"Dokar wa? Kai ka yi ta, kai za ka karya."

Ya juya mata ƙeya yana duba tayar motar. Wani ɗan kasuwa ya haye kujerar, aka ja ƙofa, mota ta tashi. Martha ba ta ɗaga masa hannu ba.

Tsado Banufe ne, direban da Gaiya ya tace daga cikin arba'in saboda ba ya sha, ba ya gudu, kuma yana tsoron matarsa. Motarsa mai cin mutum goma sha huɗu ce. Tara suka shiga har da Gaiya, daga nan lodi ya tsaya cik. Ƙarfe bakwai ta yi, takwas ta yi. Fasinja ɗaya ma ya sauka ya tafi abinsa.

"Baba, kai ka koya mana," in ji Tsado. "In ƙarfe tara ta buga mota ba ta cika ba, ni ba na tashi. Ba zan bari duhu ya kama ni a daji da mutane ba."

Abin kunya, daɗi ne ya fara kama Gaiya. Wani sanyi ya sauko masa tun daga wuya har gwiwa. Ga dalili na gaskiya, wanda ba shi ya ƙirƙira ba: mota ba ta cika ba. Ndako shaida, Tsado shaida. Har ya fara jera yadda zai faɗa wa Hadassah, sai waya ta yi ƙara. Martha ce.

"Kun tashi?"

"Lodi ya tsaya. Saura mutum shida."

Yana jin kukan injin motarsu ta cikin wayar.

"To," ta ce. "Ni zan gaya mata, kamar wancan karon. Na saba."

Ta kashe.

Ya sa wayar a aljihu. Sannan ya sauko, ya taka tayar baya, ya kama ƙarfen saman mota da hannu ɗaya, tsoho mai shekara sittin da biyar da ciwon gwiwa. Ya buɗe baki.

"Legas! Ibadan! Ilori! Legas mota ta tashi!"

Mai shayi ya zubar da ruwan zafi. Tantabaru suka watse. Masu keke Napep da ke bakin titi suka fara juyo da fasinja. Ya tare wata mata mai buhun barkono da ke shirin jira sai Litinin, ya ce Litinin barkononta ya zama miya. Ya janyo ɗalibai biyu daga layin motar Ilori, ya rantse musu Tsado zai sauke su a ƙofar ɗakinsu. Ya yi ihu har muryar ta tsage, ya ci gaba da tsagaggiyar. Tara saura minti huɗu, wani soja mai hutu ya jefa jakarsa a but ɗin mota. Goma sha huɗu cif.

Ndako ya miƙo masa manifes, wannan karon ba wasa a fuskarsa. "Saura kai. Ka bar layinka a buɗe."

Gaiya ya zaro biro daga bayan kunne. Suna ya rubutu, Badagiri ta rubutu. A layin ƙarshe hannu ya ƙi. Martha na kan hanya, ba a sa wanda ke kan hanya. Lamba ɗaya ta rage masa a duniya, ta Hadassah. Ya rubuta ta a hankali, ya miƙa takardar bai sake duba ba.

Suna fita gari ya kira ta.

"Hadassah, na shiga mota."

"Wace mota, Baba?"

"Ta Tsado. Ga shi muna tafiya, ki ji."

Ya ɗaga wayar sama don ta ji injin. Da ya mayar kunne, ba murna a muryarta, ba fushi.

"Sai na gan ka, Baba."

Daga Minna zuwa Bida bai ce uffan ba, mutumin da bai taɓa rufe baki ba ko a jana'iza. Kalandar na ninke a cinyarsa, hannunsa biyu a jikin kujerar gaba, kowane rami sai ya runtse ido. Da suka shiga Bida, Tsado ya rage gudu ya dube shi ta madubi.

"Baba, ga iyakar ƙasarka. In za ka sauka, yanzu ne."

Gaiya ya dubi motocin Minna da ke lodi a gefen titi, ƙofofinsu a buɗe. Muryar ta ƙare a tasha, sai da Tsado ya karkato kunne kafin ya ji.

"Wuce."