Littafin Usta Garba da Muka Mayar Laya

Shekara goma sha ɗaya ke nan da muka kai yayana Garba makwancinsa a gabas da Mai Wurno, kuma har yau in na tuna da shi haushi ne ke riga kewa zuwa. Shi kam Allah ya jiƙansa, bai yi mini komai ba. Haushinmu nake ji, mu da ya bari, saboda abin da muka yi da littafin da ya ɓata shekara tara yana rubutawa.

Usta Garba ake ce masa, usta kuwa a nan shi ne ƙwararren makanike. Shi ke kula da baburan ban ruwa na wasu gonakin auduga a bakin kogi. Masu karatu na Najeriya kada ku ɗauka abin hawa nake nufi, babur a bakinmu shi ne injin da ke jawo ruwa daga kogi ya zuba a tur'a, magudanar da ke rarraba shi gonaki. A madatsar ruwa ta Makwar ya koyi aikin tun yana saurayi. Yakan ɗora kunne a jikin inji ya faɗi abin da ke damunsa, shi ya sa tun yana raye ake raɗe-raɗin wai yana da mutanen ɓoye. Ba abin da ke ƙona masa rai kamar wannan magana. Yakan ce kunne ne irin na kowa, su dai ba su wanke nasu ba ne.

Duk ranar da ya shiga Sinnar sai ya dawo da littafi a aljihun jallabiya, irin na Larabcin nan da ake bugowa daga Masar, a kan lantarki, a kan ƙwaƙwalwar ɗan Adam, a kan yadda inji ke sauya zaman mutane. Karatunsa faɗa ne. Za ka same shi a gindin bedi bayan la'asar yana tsaki, yana ɗirka wa shafi yatsa kamar marubucin na zaune gabansa. Laifinsu a wurinsa guda ne, ba wanda a cikinsu ya taɓa tsayawa a bakin tur'a yana jiran ranar ruwansa. Da ya gaji da faɗa da mutanen da ba sa jin sa, sai ya sayi manyan littattafan rubutu uku masu baƙin bango, ya ce zai yi nasa da Hausa, da ajamin da muka koya a allo wurin mahaifinmu.

Ɗan abin da na sani na cikinsa a bakinsa na ji. Ba ya ƙin inji, ina zai ƙi abin da ke ciyar da shi? Damuwarsa ita ce abin da inji ke ɗauke wa mutum ba da saninsa ba. Yakan ce kakanmu yakan dubi gajimare, ya murza ƙasa a hannu, ya yanke shawarar ranar shuka da kansa, mu kuwa mun zama masu jiran takardar mufattishi, jami'in da ke faɗa mana yau a shuka, gobe a nome. Ya yi babi guda a kan rediyo, bayan ya ga wani maƙwabcinmu da ya haddace sunayen ministocin ƙasashen da bai taɓa gani ba, amma ya manta ranar da ruwa zai zo gonarsa. A tsakanin irin wannan zance kuma yakan zana cikin inji, ya ja layuka ya yi gida-gida, ya rubuta lokacin canjin mai da ranakun ruwa.

Waɗannan gidajen da ya zana su suka ja mana. Lokacin da ya rasu ina koyarwa a Damazin, na zo aka yi zaman makoki na koma. Littattafan suka faɗa hannun babban ɗansa Sidi, wanda ya yi makarantar gwamnati, Larabcinsa kuma ya fi Hausarsa nesa ba kusa ba. Sidi ya buɗe, ya ga haruffan da ya sani amma ɗigoginsu ba inda malamin makaranta ya koya masa ba, don rubutun allonmu na gida yana sa ɗigon harafin fa a ƙasa. Ya haɗa baƙi, abin da ya fito ba Larabci ba ne. Ya juya shafi ya ga zane gida-gida kamar hatimi. Shi ke nan, ya tuna abin da mutane ke faɗa a kan ubansa, ya rufe.

Da na dawo gida bayan shekara biyu, sai na tarar an naɗe littattafan a koren ƙyalle, an sa a akwati, ana yayyafa musu turare duk Juma'a. An riga an yagi shafi guda an ɗinka wa wata mata, Hajja Amina, laya don jaririnta da ke zazzaɓi, jariri ya warke, labari ya bazu. Na sami Sidi a zaure na ce ya ba ni in karanta.

"Wallahi ya Baffa, ma mumkin, ba shi yiwuwa," ya ce. "Wanga ba littahin karatu ba na. Ni da kaina na gwada. Sunaye na, na asiri."

"Hausa ce, Sidi! Hausar da uwarka take maka hwaɗa da ita!"

"To ɗan Hajja Amina hwa, mi yaw warkar da shi?"

Na ce masa kinin da aka ba shi a asibiti. Ya ce "Kalas, shi ke nan, Baffa," cikin ladabi, irin ladabin da ake yi wa tsohon da ake zaton kansa ya fara juyawa. Haka muka yi ta yi kowace shekara, ni ina masifa, shi yana sunkuyar da kai, shafuka suna raguwa.

Nakan tambayi kaina me Garba zai ce da ya ga yau. Ga kaset ya shigo, kowane gida ana sauraren muryar ɗan da ke Jidda, ba mai zama ya rubuta wasiƙa. Ga talabijin a kulob ɗin gari, dattawa sun jeru sun yi shiru kamar an ɗaure su. Na tabbata da ya sayi littafi na huɗu. Amma abin da ba zan iya hasashen fuskarsa a kai ba shi ne samarinmu da ke tafiya aiki Saudiyya da shafukansa ɗaure a damtse. Bara wani direban lori ya taso tun daga Dinder neman shafi guda saboda tsarin hanya. Na gan shi yana sumbatar layar kafin ya rataye ta a madubin mota, kuma na san abin da ke ciki bai wuce lokacin canjin man inji ba. Ko shi ɗin ma da ya karanta, da ya fi yi masa amfani. Ranar ban iya cin abinci ba don takaici.

Bana da aka yi wa Garba sadaka, bayan an watse da hantsi, na ce ba zan sake bi ta kan Sidi ba. Na shiga cikin gida wurin Kulu, matar marigayin, wadda akwatin ke ɗakinta. Tun tana amarya muke wasan ƙanin miji da ita, amma ranar ba wasa na zo yi ba. Kulu ba ta taɓa riƙe alƙalami ba, saboda haka na ɗauke ta a cikin masu turaren, na fara yi mata bayani a hankali cewa abin da ke akwatin nan zancen inji ne da tunanin mijinta. Tana kankare tukunya, ba ta ko ɗago ba.

"Zamna, ƙanen miji," ta ce. "Ka aza ban san mi ac ciki ba? Ba shahin da bai karanta mani ba ina bakin murhu. Wani ma sau ukku, har sai nic ce ya isa."

Na zauna.

"Littattahan nan nashi na Masar, ina sunka tahi? Ka taɓa tambaya? Arba'in ba ta cika ba anka kwashe su anka kai kanti, anka naɗe sukari da ganyen shayi da su. Da nic ce masu wanga ma zancen babur na, da can yab bi su. Sai nib bar Sidi da asirinai. In za a yaga, ni ka nuna mashi wanda za a yaga, kuma masu zane nika ba su. Baburan nan sun daɗe da mutuwa. Zancen yayanka kuwa ko layi guda bai hita gidan ga ba."

Ta ajiye tukunyar, sannan ta dube ni. "Amma masu zanen saura huɗu, ni kuma ba yarinya ba ce. Shekara tara kana ta masihwa a zaure. Ba ka taɓa cewa, Kulu, ɗauko in karanta maki ba."

Kunyar da na ji ban taɓa jin irinta ba. Ni malamin makaranta, ni mai zagin jahilcin gari, ban taɓa neman mutum ɗaya tilo da ya san littafin nan ba, don kawai ba ta iya karatu. In ana lissafin abin da ya rage na Garba, baburansa sun zama tsohon ƙarfe, sunansa ya zama na bokan da bai taɓa zama ba, tunaninsa kuwa yana nan cif a kan wata tsohuwa da ta zaɓi a yi wa mijinta ƙarya don kada a naɗe sukari da shi.

Ta ɗauko na farkon ta warware ƙyallen. Na buɗe, na fara karantawa da ƙarfi ina tuntuɓe, don ni ma ajamin ya yi mini nisa. Sidi ya shigo da faranti a hannu, ya ga abin da ke cinyata, ya buɗe baki zai yi magana, sai ya ji Hausa tana fitowa daga shafin, irin ta ubansa. A layi na uku na karanta, "Na rubuta wanga da harshenmu don," sai na tsaya. Turaren shekara goma sha ɗaya ya narkar da tawadar kalmar da ke gaba. Na kawo shafin kusa da ido, na karkata shi wajen rana, ban ga komai ba.

"Sidi," Kulu ta ce, ta koma kan tukunyarta. "Don Sidi yac ce. Ci gaba."

Sidi ya ajiye farantin, ya zauna a ƙasa kusa da ƙafata, ya ce in sake daga farko.