Ɗigo Shida na Gurli

Shekara ashirin da shida muna raba shinge ɗaya da Gurli Svane a Svendborg, kuma da wuya in tuna ranar da na gan ta a zaune. A tsaye take shan kofi, a tsaye take karanta jarida. Shekara talatin da ɗaya ta yi tana sayar da kofi da burodi a jirgin fito, har ƙafarta ta saba da ƙasa mai motsi. Da ta ajiye aiki, ƙasa ta tsaya cak, sai ita ta karɓi motsin.

Bakinta ma haka yake, ba ya jiran hankalinta. Shi ya raba ta da ɗanta tilo, Torben. Matarsa Ditte gashin kare na sa ta atishawa da ƙaiƙayin ido, don haka da suka koma Odense suka ba da karensu ga wasu. A teburin Kirsimeti, gaban kowa, Gurli ta ajiye cokali ta ce, "Wanda aka sa ya ba da karensa, uwarsa ma zai bayar." Ditte ta tashi ta ɗauki rigar sanyinta. Torben ya ɗauki 'yarsu Solvej, lokacin tana da shekara biyar. Daga ranar, shekara biyu da 'yan watanni, ba waya ba wasiƙa.

Na gaya mata gaskiya tun a makon: ita ce da laifi. Ta ce ta sani. Na ce to ta buga masa waya mana. Ta ce, "Jytte, ni na haife shi, ba shi ya haife ni ba." Ta juya ta shiga share dandamalin da ta share da safe. Haushi ta ba ni sosai, amma tausayi ya fi yawa, don na san ba Torben ne ke hana ta sukuni ba. Yarinyar ce. Tsoronta kada Solvej ta girma ba ta san fuskarta ba.

Da sanyin bara ya shigo, sai ta sayo fensiran kala da takarda mai kauri. Wai littafin yara za ta yi wa Solvej, na karnuka suna bukukuwan shekara, kowane shafi da waƙarsa. Shugaban karnukan shi ne Pjok, karen da Torben ya tashi da shi, mai kunne ɗaya a tsaye ɗaya a kwance. Ya mutu tun Torben na makarantar sakandare, amma Gurli ba ta taɓa yarda ya mutu duka ba.

Daga nan na rasa hutu. Ina shanya, sai in ga kanta ya leƙo ta saman shinge.

"Ke Jytte, saurari wannan. Na sabuwar shekara ne:

Pjok ya haye kan kujera,
Ya dira cikin sabuwar shekara."

"Ya yi."

"Ya yi kawai? Ke dai ba ki da kunne. Ga na bikin da yara ke dukan gangar katako mai hoton kyanwa:

Sun daki ganga da sanda,
Kyanwa ta kira 'yan sanda."

"Sanda da sanda? Ai wannan ha'inci ne, Malama."

"Yara ba sa duba wannan. Tsofaffi marasa aikin yi ne ke dubawa."

Karnukan nata, in faɗi gaskiya, rabinsu sun fi kama da tumaki. Amma akwai rai a jikinsu. Sun yi rawa sun zagaye bishiyar Kirsimeti, sun yi haushi a gaban wutar tsakiyar bazara a bakin teku. Shafi ɗaya takan zana shi sau huɗu, ta yayyaga uku, ta fita yawo cikin ruwan sama, ta dawo ta yaga na huɗun.

Wata biyar ta yi a kai. Ta gama saura mako uku bikin Ista, daidai lokacin da yara ke aika wa juna wasiƙar ɓoye suna. Duk mun yi muna ƙanana: a naɗe takarda a yanka mata ado da almakashi, a rubuta 'yar waƙa, a sa furen farko na shekara, maimakon suna kuma a jera ɗigo, kowane harafi ɗigo ɗaya. In wanda aka aika wa ya gane ka kafin Ista, kai za ka ba shi ƙwan cakulan. In ya kasa, sai ka bayyana kanka, shi ya kawo maka.

Gurli ta yanka tata, ta liƙa a shafin ƙarshe, Pjok na riƙe da ita a baki:

Ga ɗigo shida a jere,
Faɗi sunan, kar ki tsere.

Na ƙirga da yatsa. "Gurli harafi biyar ne."

"Wace yarinya ce ke kiran kakarta Gurli? Farmor take ce mini."

Haka ne, kakar wajen uba farmor ce. Na ce ta daure ta sa sunanta sak, wannan ba lokacin wasan ɓuya ba ne. Ta ce in sun ga sunanta a ambulan, ƙila ba za su buɗe ba.

Ta kai littafin gidan waya ranar Litinin. Kwana tara ta yi tana safa da marwa tsakanin ƙofa da akwatin wasiƙa. Ta wanke tagoginta, ta tsallako ta wanke nawa ba tare da na roƙa ba. Wayarta tana aljihun riga, tana taɓa ta kamar mai ciwon haƙori da harshe.

A kwana na goma muka haɗu da Lis, uwar Ditte, a shagon burodi. Mace ce mai fara'a, ba ta da ƙulli a ciki. Tana dariya ta ce, "Kun ji abin da Solvej ta yi? Ta buga mini waya wai ta gane ni, in shirya mata ƙwai. Wai na yi mata littafin karnuka! Ni da ko da'ira ban iya zanawa ba. Na rantse mata ba ni ba ce, ta ce ai ɗigo shida ne, mormor."

Kakar wajen uwa, mormor. Harafi shida ita ma. Mu biyu, tsofaffin banza, ba wadda ta ƙirga.

Gurli ta bar burodinta a kan kanta ta fice. Na bi ta da shi ina haki. "Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi!" in ji ta. "Wata biyar, Jytte!"

"Ke, tsaya. Ai Solvej ta kasa ganewa. Kin san doka, yanzu ke za ki bayyana kanki."

Sau uku ta zagaye teburin kicin kafin ta danna lambar. Ta sa wayar a lasifika ta ajiye a kan tebur. Torben ne ya ɗauka.

"Ni ce," ta ce. "Ni na aiko."

"Na sani, Mama. Tun a bangon littafin na ga kunnen Pjok."

"To don me ba ka gaya wa Solvej ba?"

"In ta gane, ke za ki aiko da ƙwai ta gidan waya, shi ke nan magana ta ƙare. In ta kasa, dole mu kawo da kanmu." Sai ya ƙara da cewa, "Ditte ce ta ce kada in faɗa."

Gurli ta buɗe baki, na taka mata ƙafa tun kafin in ji abin da zai fito. Abin da ya fito dai shi ne, "Miƙa wa Ditte wayar." Na ɗauki jakata na ba su wuri.

Ranar Ista tun ƙarfe takwas tana bakin ƙofa, alhali sha biyu suka ce. Ni kuma ina gyaran shingen da ba ya bukatar gyara. Mota ta tsaya. Solvej ta fito, ta yi tsawo, haƙora biyu sun fita, ƙwai a hannu ɗaya, littafi a ɗayan. Ta tsaya nesa kaɗan, tana kallon Gurli kamar baƙuwa.

"Ga ƙwanki," ta ce.

"Yaya aka yi mai wayo irinki ta kasa? Ba ki ƙirga ba ne?"

"Na ƙirga mana. Shida." Ta ɗaga kafaɗa, ba da wata manufa ba. "Na manta ina da wata mai shida."

Na ga maganar ta shige ta. Matar nan da ba ta zama sai ta zauna a kan dandamalin ƙofa, a sanyin siminti, da kayan kwalliyarta.

Solvej ta dube ta, ta dubi babanta, sannan ta matso ta zauna gefenta ta buɗe shafin farko. "Wannan kare ne ko tunkiya?"

"Kare ne," in ji Gurli. "Matso in faɗa miki sunansa."

Ba ta tashi ba har suka kai shafin ƙarshe.