Ƙwan da Na Ciro da Wuƙa

A gidan haya na girma, inda ko kyanwa ba a kiwo, don haka abin da na sani game da kaza bai wuce yadda ake soya ta ba. Da muka tare a unguwar Trikania, a gida mai ɗan fili a baya, kakata ta aiko min da 'yan tsaki biyar daga ƙauye, wai yarana su riƙa cin ƙwai. Ba a yi wata biyu ba Allah ya yi mata rasuwa. Kajin nan su ne abu na ƙarshe da ya fito daga hannunta zuwa nawa, shi ya sa na ɗauki son duniya na ɗora musu.

Sun kai wata biyar ke nan ciwon kaji ya ratsa unguwarmu. Kullum sai an ga matattu a bola. Hankalina ya tashi, ko atishawa kaza ta yi sai na ruga in duba ta.

Wata safiya na ga farar cikinsu ta sauya. Zankonta ya kumbura ya yi jawur, tana ta kyarkyara, ta shiga wannan lungu ta fito ta shiga wancan. Na miƙa hannu, maimakon ta gudu sai ta lafe a ƙasa ta buɗe fukafukai. Kazar da ko inuwata ta gani sai ta arce! Na taɓa jar cikinsu, ita ma ta lafe.

"Malam!" na ƙwala wa maigidana kira. "Yi maza da wuƙa kafin su zama mushe!"

Shi ma gwanin, bai tambayi komai ba. Ya yi bisimilla ya yanka biyun, ya wanke hannu ya tafi aiki.

Na fige farar ina hawaye. Ina buɗe cikinta hannuna ya ci karo da wani abu mai tauri. Ƙwai ne, cikakke, da ɓawonsa. A bayansa ga gwaiduwa jere, manya da ƙanana. Na yi salati da ƙarfi har maƙwabciyata ta shigo a guje, wata dattijuwa 'yar Filato da ta yi aikin masaƙa, kowa Mama yake ce mata.

Ta dubi kazar da ke cikin kwano, ta dube ni, ta riƙe haɓa, ta ce da irin Hausarta:

"Kai, yarinya! Wane ya ce maki ciwo ne? Kaza mai ciwo kansa na yin fari, yana barci a tsaye. Wannan ja ɗin lafiya ne. Da ya kwanta maki, ya ɗauka ke zakara ne!"

Ta cafko ɗaya daga ukun da suka rage, ta sa yatsuna a ƙarƙashin wutsiyarta, tsakanin wasu ƙasusuwa biyu.

"Kin ji? Yatsa biyu ya shiga, hanya ya buɗe. Ki sa masu ciyawa a kwali, sun kusa fara ƙwai."

Ciwon da na yi ta tsoro ko ƙofarmu bai leƙo ba, ni ce na zame musu annoba.

Ban iya cin naman ba. Ƙwan kuwa na wanke shi na dafa, na raba wa yaran biyu, tunda don su kakata ta aiko. Suna ci suna murna farar kaza ta fara ƙwai, ƙaramar har tana tambaya ko gobe ma za ta yi.