Gil-rye Mai Cuɗa

A gidan wankan mata na unguwarmu a birnin Gunsan, Pyo Gil-rye ce mai cuɗa. Ki kwanta a teburinta, ta zura hannu cikin soso, ta dirje ki tun daga wuya har dunduniya tana yi miki tsiya: "Wannan dauɗar tun ta ranar bikinki ce?" Kowa Onni yake ce mata, wato yaya, har waɗanda suka girme ta.

Tana da shekara arba'in da 'yan kai aka gano kansa a nononta na hagu, aka cire shi. Likita ya ce ta yi sa'a, irin tata ce wadda sinadarin jikin mace ke ciyarwa, kuma tana jin magani. Ƙwaya ɗaya kullum, a toshe wa kansar abinci. Ƙwayar ta ɗauke mata al'ada, ta riƙa sa ta zufa kamar an hura mata wuta a ƙirji, ga kuma tururin gidan wanka.

"An dafa ni ciki da waje," in ji ta, "saura a kawo shinkafa."

Mai gidan wankan ta so ta riƙa rufe ƙirjinta kada mutane su tsorata. Gil-rye ta ƙi. "Kowa tsirara, ni kaɗai zan ci ado?" Wasu suka daina zuwa teburinta. Amma sai wasu suka fara zuwa daga unguwanni masu nisa, matan da aka yi wa aiki suka daina tuɓewa a gaban mutane.

Ni ma haka na san ta. Na tsaya bakin ƙofa, na manne tawul a ƙirji. Ta dube ni ta ce, "Wanne?"

"Na dama."

"Madalla, nawa na hagu. In muka jeru mun tashi mace guda. Zo ki kwanta."

Na fashe da dariya; rabona da ita tun kafin a yi mini aiki. Ta bi gefen tabon a hankali, wurin da ko mijina bai taɓa ba. Na yi ta kuka a kan teburin, ita kuwa ta ci gaba da zuba mini ruwa kamar ba ta gani ba.

Lokacin ta kusa cika shekara goma tana shan ƙwayar. Da likita ya ce ta daina, muka dafa mata miyar ganyen teku irin ta ranar haihuwa. Ta aurar da 'yarta Bo-ram, ta goyi jika, ta manta hanyar asibiti.

Sai bayanta ya fara ciwo. Wadda ke wuni a sunkuye, wa zai yi mamaki? Ta manna filasta, ta je wajen masu maganin gargajiya na soka allura, ciwo ya ƙi tafiya. Da Bo-ram ta ja ta aka ɗauki hoto, sai ga kansar ta dawo, ta shiga ƙashi, shekara goma sha shida bayan aikin. Likitar da ta duba hoton ta ce irin wannan takan yi lamo shekara da shekaru kafin ta farka.

"Wato tana nan lokacin da nake rawa a bikin 'yata?" in ji Gil-rye. Likitar ta sunkuyar da kai.

Sabon magani ya riƙe ta shekara uku. Ta bar cuɗa, ta koma kan kujera a ɗakin sa kaya tana miƙa tawul. Wata rana wata matashiya ta ce mata, "Onni, na cika shekara biyar da yi mini aiki. Na warke ke nan, ko?"



"Je ki ci abinci ki yi ƙiba," in ji Gil-rye. "Amma in wani wuri ya yi ciwo ya ƙi tafiya, kada ki yi irin tawa. Je ki a duba."

Zuwana na ƙarshe gidanta, na kai mata kunun shinkafa, ta kasa sha. Ba tsiya a ranar. Ta riƙe hannuna tana kallon bango, ta kira sunana ta ce, "Sun-deok, duk abin da likitoci suka ce na yi. Ko rana ɗaya ban tsallake ba."

Ta rasu farkon bazara.

A watan jiya likitana ya ce ni ma lokacin ajiye ƙwayata ya yi, har ya taya ni murna. Na yi godiya, na fito na zauna a tashar bas. Motar unguwarmu ta zo ta wuce, ban tashi ba.