Bokitin Mba Dramani

Da an sallame sallar asuba, Mba Dramani, wato baba Dramani a yarenmu, shi ne farkon isa salgar unguwar Tishigu. Ya share ƙofa, ya cika randa, ya jera butoci shida a gindin bango, ya barbaɗa toka. Sannan ya zagaya baya, ya jawo bokitan da muka cika jiya, ya ɗora gammo, ya kai su ramin bayan gari ɗaya bayan ɗaya. Shekara ashirin da biyu ke nan yana wannan aiki. Ƙarshen watan nan zai ajiye, don ƙugu ya ƙi, ya koma gona a ƙauyen Gbalahi.

Da a makon jiya aka ce in yi masa jinjina, da na ƙi. Ina cikin waɗanda suka shekara shida ba sa amsa gaisuwarsa. Abin da na ji ran Juma'a ne ya hana ni sukuni.

Shekarar da Ghana ta samu 'yancin kai, an shirya tseren mil biyar tsakanin unguwanni. Mu a Tishigu ba mu da wanda ya taɓa gudu, sai dai in kare ya biyo shi. Dattawa suka zauna suka zaɓi mutum huɗu, suka sa Afa Mutari, wato malam Mutari, ladaninmu, a gaba. Hujjarsu ita ce, mutumin da ke jan kiran salla haka ba ya yanke numfashi, mil biyar ba za ta gagare shi ba.

Da suka fara gwaji, numfashi bai ba su matsala ba. Ciki ne. Kafin a kai mil ɗaya sai ka ga ƙato ya dafe mara ya faɗa gonar mutane. Kunya ta hana su faɗa wa kowa, amma Dramani ya lura da yadda suke dawowa suna neman buta. Wata safiya ya tare su.

"Masu gudu, me kuka ci?"

Ɗaya daga cikinsu, Imoru kafinta, ya ce, "Mba, yaushe ka zama likita?"

"Likita abin da ya shiga yake tambaya. Ni abin da ya fito nake gani."

Suka yi dariya, amma suka tsaya. Ya ce daga yau ba wake, ba ƙosai, ba madara kafin gudu. A sha ruwan ɗumi da asuba, a zo nan a tsuguna har ciki ya sauke, sannan a fita. In ya murɗa a hanya, a rage gudu a koma tafiya, kada a matse a ƙara wuta. Shi kuma ya kafa zana wuri uku a kan hanyar, kowace da buta da bokiti. Ba wanda ya sa shi. Cikin mako biyu gonakin mutane suka huta.

Ranar tseren, dattawa suka kawo wa Afa Mutari ƙwarya guda ta madara daga rugar Gbalahi, wai don ƙarfi. Limami da kansa ya yi addu'a ya miƙa masa. Ta yaya ladan zai mayar da hannun limami? Ya shanye.

Ni ina bakin fili, kuma ga abin da na gani. Afa Mutari ya ɓullo shi ne na farko, cikin farin wando, mutumin unguwar Dabokpa yana baya can nesa. Muna ihu, mata suna guɗa. Sai ga Dramani ya fito daga bayan zanar ƙarshe da bokiti a ka, ya tsallaka hanya kamar makaho, suka yi karo. Duk abin da ke ciki ya kife musu. Mutumin Dabokpa ya wuce yana toshe hanci, ya ɗauki kofi.

Tahidu mahauci ya mari Dramani sau biyu. "Tsohon banza! Yau ma sai ka kawo mana ƙazantarka?" Ni ma na zage shi, ban manta kalmar ba. Dramani ya juya wurin Afa Mutari. Ya kwance mayafinsa ya rufa wa ladan, ya ja shi bayan zana.

Ran Juma'ar nan da ta wuce, bayan an idar da salla, Afa Mutari ya miƙe. Ya juyo ya fuskance mu.

"Jama'a, Mba Dramani zai tafi, ni kuwa ba zan iya barinsa ya tafi da kayana ba. Ranar tseren nan, kafin bokiti ya taɓa ni, cikina ya riga ya sake. Taku ashirin ya rage in kai zana, ban kai ba. Ya gani a yadda nake gudu. Ya zo ya haɗa nasa da nawa don kada ku gane."

Na dubi Tahidu, na ga yana kallon tafin hannunsa.

Tun ranar nake juya abin nan, ban samu inda zan ajiye shi ba. Da an gani a farin wandon nan, a gaban gari duka, da wa zai sake jin kiran sallar Afa Mutari bai yi murmushi ba? Dramani ya auna wannan cikin ƙiftawar ido, ya ga shi ba shi da mutuncin da zai zube a wurinmu, sai ya ba da wanda ba mu san yana da shi ba. Yaudara ce ya yi mana? Ita ce. To me ya sa nake jin mu da aka yaudara ne masu laifi? Shi kuma ladan, da ya yi shiru shekara shida ana tofa wa tsoho yawu, in zarge shi? Na tambayi kaina ko ni zan iya miƙewa in faɗi abin da ya faɗa, ko bayan shekara sittin. Ban ji daɗin amsar ba.

Muka ɗunguma zuwa salga. Muka same shi yana ɗauraye butoci. Afa Mutari ya durƙusa ya ce, "Mba, na faɗa musu."

Dramani ya ajiye buta, ransa a ɓace.

"Afa, ka ɓata mini aiki. Shekara shida ina rufe abu, ka buɗe shi rana ɗaya?"

Tahidu ya matso ya miƙa hannu. Tsohon ya ce hannunsa a jiƙe yake. Tahidu ya ce, "A hakan nake so, Mba."

Mba Dramani, kai ne mai ɗaukar abin da muke gudu. Kai ne ka san cikin kowa a Tishigu, ba a taɓa jin sirrin kowa a bakinka ba. Mun gode, kuma ka yafe mana, ni da bakina a kan gaba. Allah ya rufa maka asiri yadda ka rufa na bawansa.

Ku kuma 'yan'uwa, ban ce ku ɗauki bokiti ba, na san ba za mu iya ba. Amma in kun ga mutum ya rage taku ashirin bai kai ba, ku tsaya tsakaninsa da idon jama'a. Saura kwana tara tsohon nan ya tafi. Yana nan bakin salga kowace safiya, kuma har yanzu shi yake fara gaisuwa. Gobe ku riga shi.