Uwar Sikeli: Matar da Ta Auna Kwanon Masu Shayarwa

Haihuwa da Karatu

An haife ta a shekarar 1953 a wani gari da ke bakin layin dogo. Mahaifinta direban jirgin ƙasa ne, mahaifiyarta kuwa ungozoma. Ta shiga firamare a 1960, daga bisani ta karanci ilimin abinci mai gina jiki a jami'a, ta kammala a 1977.

Fara Aiki da Aure

A 1978 wata cibiyar binciken lafiya ta ɗauke ta aiki a ƙarƙashin tsohon malaminta, wanda shi ne ya tsara takardar tambayoyin da ake cike wa jama'a game da abin da suke ci. A 1980 ta auri wani malamin lissafi, Allah ya albarkace su da 'ya'ya huɗu.

Binciken Shekarar 1984

A wannan shekara hukuma ta ƙuduri aniyar dakatar da tallafin abincin mata masu shayarwa, domin amsoshin takardar sun nuna suna ƙoshi. Ita kuwa ramar matan da take gani a asibiti ta hana ta gamsuwa, sai ta nemi izinin tantance sahihancin takardar.

Wata goma sha ɗaya ta shafe tana zaga gidaje ɗari da ashirin da ƙaramin sikeli a jaka, tana auna kwano kafin ci da bayan ci, tana rubuta duk hannun da ya shiga cikinsa. A nan matan suka laƙaba mata Uwar Sikeli. Ta gano cewa kusan sulusin abin da uwa ta zuba wa kanta, yaranta ne ke cinyewa. Da ta yi wa wata uwar tagwaye maganar, sai matar ta ce, "Yaya, ai takardarku abin da na zuba ta tambaya, ba ta tambayi wa ya ci ba."

Da nauyin baki ta kai wa malaminta sakamakon. Kwana biyu yana nazarinsa, a na uku ya kira ta ofis ya ce, "'Yata, shekara tara ina yin tambayar da ba ita ba. Jawo kujera mu gyara." Aka sake tsara takardar a 1986, tallafin kuma bai tsaya ba.

Shekarun Ƙarshe

Ta shugabanci sashen binciken abinci na cibiyar daga 1995, ta horar da ɗalibai masu yawa, sannan ta yi ritaya a 2013 ta koma renon jikoki. Maigidanta yakan zolaye ta a gaban baƙi cewa shi kaɗai ne magidancin da aka san nauyin lomarsa.

Rasuwa

Ta rasu a gidanta ranar wata Talata a 2021 bayan gajeruwar jinya, aka yi mata sutura a maƙabartar unguwarsu. Ta bar mijinta da jikoki tara da 'ya'ya huɗu: babbarsu likitar yara ce, mai bi mata injiniya, na uku malamin makaranta, sai auta mai gidan abinci, wanda har ta koma ga Mahaliccinta ba ta shawo kansa ya auna gishiri ba.